Wasan waya da ake tuƙawa da rubutu

Aikin kammala digirina na kimiyyar kwamfuta wasa ne na waya da mutane da dama ke bugawa tare, kowa yana juya ɗan wasansa da umarnin da ya rubuta: gaba, dama, ɗauki, buɗe ƙofa. Filin wasan kuwa tsohon birnin Katsina ne, daga Ƙofar Soro zuwa hasumiyar Gobarau.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1978 Roy Trubshaw ya fara MUD, wani wasan kwamfuta da mutane da dama ke bugawa tare, a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ɗora, komai da rubutu. A 2001 wani kamfanin Suwidin ya fito da wasan waya mai suna Botfighters, inda ake harbin juna da saƙon tes. Sai dai masu MUD suna zaune ne gaban babban allon rubutu, da yatsu goma. Mai waya manyan yatsu biyu gare shi, kuma da zarar ya taɓa wurin rubutu sai madannan su taso su rufe kusan rabin fuskar wayar. Na ga abokina yana lalubar haruffan "gudu", wanda ke binsa kuwa yana ƙarƙashin madannan, har aka kama shi bai gan shi ba.

Nan na gane rubutu ba ya jituwa da wasan tsere. Wanda sabis ɗinsa ya fi ƙarfi shi ke ci, ba mai dabara ba. Da muka mai da shi irin dara, kowa ya yi tunani ya aika umarni, sannan a zartar da su lokaci ɗaya, sai wasan ya yi armashi. Har ƙulla kawance ake yi, a ci amanar juna a zagaye na gaba.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne yadda mutanenmu ke rubutu. Wani ya rubuta ƙofa, wani kofa, wani qofa, wani kuma wayarsa ta "gyara" masa zuwa Turanci. Malamin da ke duba aikin ya ce, "Kai ɗan nan, manhajarka za ka koya wa Hausar mutane, ba mutane za ka koya wa ƙa'idar rubutu ba." Dole ta karɓi duka. Ga masu ƙaramar waya da ke shiga ta tes ma, harafi ɗaya mai lanƙwasa yana rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, don haka amsoshin da muke tura musu ba ma sa lanƙwasa.