Tarihin Rayuwata (14): Injin ɓarar gyaɗar da aka hana mu gwadawa

Makon jiya na tsaya ne a inda na bar Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna, na kama aiki a wani kamfanin ƙera kayan noma a Kano. Ba zan kama sunansa ba, masu shi sun riga mu gidan gaskiya. Shekarar 1987 ce, SAP, manufar gyaran tattalin arziki ta Babangida, ta kankama tun 1986, naira ta faɗi, kayan waje sun gagari talaka. Dalar gyaɗa ta zama labari tun bayan annobar kuturun gyaɗa ta 1975, amma masu ƙuli-ƙuli da masu tatsar mai suna nan, sai aka ce mu ƙera injin ɓara na gida.

Kawu, Allah ya jiƙansa, tun ina riƙe masa ƙarfe yana walda yake ce mini, "Kai yaro, ƙarfe ba ya karanta takarda." Da wannan na tunkari babban injiniyanmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni tsohuwar ganga da katako da guntun raga, in haɗa samfuri ko da mummuna ne, mu juya da hannu mu ga abin da gyaɗa za ta yi." Ya dube ni a gaban yara ya ce su ba 'yan Panteka ba ne, sai zane ya kammala za a taɓa ƙarfe. Har yau wannan kalma tana ci mini rai.

Ga inda gizo ke saƙar. Injin ɓara, ransa yana tazarar da ke tsakanin abin da ke murzawa da ragar ƙasa. In ta matse, ƙwayar ta fashe. In ta yi faɗi, gyaɗa ta wuce da ɓawonta. Ita kuma gyaɗar ba girmanta ɗaya ba, bushewarta ma daban-daban, wadda ta bushe ƙarau tana saurin darewa biyu. Ga fanka, in ta yi ƙarfi sai ta kwashi ƙwaya tare da ɓawo. Wa zai san waɗannan yana zaune kan tebur?

Aka shafe watanni ana zane. Zane kam ya yi kyau. Aka yanka raga na injuna da yawa a lokaci guda, aka walde tazarar daram ba wurin gyara, aka shafa koren fenti. Ranar gwaji na sa hannu a bakin injin na damƙo: rabi tsaki, rabi ɓawo. Fasasshiyar gyaɗa ba ta yin iri, kuma ita ce ke saurin hunhuna. Wata tsohuwa da ta kawo buhunta ta tattara abinta ta tafi, ko sallama babu. Abin da da farko gyaransa sauya katako ɗaya ne, yanzu sai an farke kowane inji.

Shekaru da yawa bayan haka, babban ɗana yana karatun injiniya ya ba ni labarin 'yan'uwan nan Wright na Amurka, masu gyaran keke. Da jirginsu marar inji na 1901 ya ƙi tashi yadda lissafi ya nuna, sai suka ƙera akwatin hura iska suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200, sannan suka tashi ranar 17 ga Disamba 1903. Na ce masa ai maganar Kawu ce, ƙarfe ba ya karanta takarda.

Amma a shagona na hana a yi wa samfurin farko fenti. Na lura yaro in ya ƙawata abu, sai ya ƙi yarda a taɓa shi ko da ba ya aiki, ya koma kare shi. Na farko a ɗaure shi da noti, kada a walde, don a ji daɗin kwance shi.

Shi kuwa babban injiniyan kamfanin, ni ɗin nan ɗan Panteka ya aika aka kira. Na tsaga ramukan noti suka yi tsawo don a riƙa ɗaga raga ana saukewa, na kuma yi raga kala uku gwargwadon girman gyaɗa. Injunan suka sayu har Dawanau. A takardar da aka kai wa masu kamfani sunansa kaɗai aka rubuta, kuma har na bar wurin bai taɓa ce mini sannu ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda barin nawa ya kasance.