Abin da kiwon zuma ya koya mini game da kuɗin manomi

Manomi a ƙasarmu ta Zazzau sau ɗaya yake riƙe kuɗi masu kauri a shekara, wato da kaka. Masara ta shigo, waken suya ya shigo, kowa ya kwasa zuwa kasuwa lokaci guda, farashi ya faɗi. Kafin ruwan farko ya sauka, kuɗin sun bi biki da suna da asibiti da makarantar yara. Sai ga bazara ta zo ana neman na taki da na huɗa, a ci bashi ko a sayar da akuya. Wannan giɓi na tsakanin Maris da Yuni shi ya tura ni kiwon zuma.

Na fara ne a 2016, shekarar da tattalin arzikin Najeriya ya shiga mawuyacin hali. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta sauko ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kullum rediyo ba shi da magana sai a faɗaɗa hanyoyin samun kuɗin shiga, a daina dogaro da mai. Ina ji ina cewa a raina, ai halin da ƙasar take ciki da mai shi nake ciki da masara. Na zauna na auna sana'o'in da zan iya ƙarawa. Kiwon kaji yana son abinci kullum, abincin kuma masarar ce dai. Noman rani yana son fadama da injin ban-ruwa da fetur. Ƙudan zuma kuwa ba ya neman gona, ba ya neman dusa, kuma lokacin da yake cika saƙarsa ya faɗo daidai lokacin da aljihuna yake bushewa.

Kawuna ne ya fara koya mini. Tun muna yara yake rataya amya a kan ɗorawa da kaɗanya: ya saƙa ta da ciyawa, ya yaɓe cikinta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau da igiya ya ɗaure a reshe. Ranar da na je masa da maganar, sai ya ce, "Ɗana, kafin ka nemi amya, je ka ƙirga itatuwan da ke kewaye da gonarka. In babu fure, ko da zinariya ka yi akwatin ba za su zauna ba." Na je na duba. Mangwaro da kaɗanya suna fure cikin hunturu, ɗorawa ta biyo baya, darbejiya ta kama da zafin bazara. Gawo, da yake ganye lokacin da sauran itatuwa suke kaɗewa, shi ma yana ba su abinci a farkon rani. Daga nan na fara kallon dajin da na girma a cikinsa da wani ido daban.

Akwatin da na zaɓa shi ne wanda ake kira na Kenya, wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1970 da haɗin gwiwar masana na Jami'ar Guelph ta Kanada. Dogon akwati ne mai faɗin baki da tsukakken gindi, an jera sanduna a samansa, kowace sanda ƙudan ya rataya saƙa ɗaya a jikinta. Kafinta na gari yana iya haɗa shi, amma a tsaya masa a kan abu guda: faɗin sandar ya zama milimita 32, domin shi ya dace da jikin ƙudanmu na Afirka. In ya wuce ko ya gaza, sai su gina saƙar a karkace ta haɗe sanduna biyu, ranar ɗiba kuma sai an fasa. Ina shafa kaki a tsakiyar kowace sanda, in ajiye akwatin a inuwa a ƙarshen damina, lokacin da ƙudan yake tashi ayari-ayari neman sabon gida. Wasu akwatunan su shiga cikin mako, wasu su shekara babu kowa. Wannan sai haƙuri.

Abin da ke korar ƙuda a wurinmu uku ne na fi gani: tururuwa, ƙishirwa da zafin rana. Ƙafafun teburin da akwatin ke kai ina tsoma su cikin gwangwani mai baƙin mai. Da rani ina ajiye kasko da ruwa, in zuba tsakuwa a ciki don su samu wurin sauka kada su nutse. Akwai kuma dage, wata dabbar daji mai son zuma, wanda kan zo da dare ya kifar da akwati, da ɓarawo mai ƙafa biyu, shi ya sa yanzu nake ɗaure murfi da sarƙa. Rashin tsaro ma ya taɓa sana'ar. Dazuzzukan da suka fi fure, da yawansu ba mai iya shiga, dole muka dawo da akwatuna kusa da gari.

Ranar ɗiba ita ce ranar da na fi so. Da almuru nake zuwa, sanye da riga mai raga a fuska, da gwangwanin hayaƙi cike da totuwar masara. In busa hayaƙi kaɗan a ƙofa, in dakata, sannan in fara ɗaga sanduna daga baya. Saƙar da ta nuna za ka ji nauyinta tun kafin ka gan ta, fuskarta a rufe ruf da farin kaki. Ita kaɗai nake yankewa. Wadda ba a rufe ba ruwa ya yi mata yawa, in ka haɗa da ita zumar za ta yi tsami ta yi kumfa a jarka. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita ita ce kada ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Saƙar da ke da 'ya'ya kuwa ba na taɓa ta, domin ita ce ma'aikatan gobe: kusan mako uku ƙwai yake ɗauka kafin ya zama ƙuda mai aiki. A nan ne na rabu da hanyar kawu. Shi da wutar ciyawa yake hawa, ƙuda da yawa su ƙone, a matse zuma da 'ya'ya gaba ɗaya, ta fito baƙa tana warin hayaƙi.

Duk da haka ban yarda a raina amya ba. Zumar da Zambiya take kai wa kasuwannin Turai, mafi yawanta daga amyar ɓawon itace take fitowa a dazuzzukan arewa maso yammacin ƙasar. Habasha, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka samar da zuma, ita ma yawancin amyoyinta na gargajiya ne. Abin da aka gyara a can shi ne yadda ake ɗiba da tacewa da tarawa. Na ga wata ƙungiya ta zo yankinmu ta raba akwatunan zamani masu hawa-hawa, irin na Langstroth, aka yi taro aka ɗauki hoto. Akwatin mai kyau ne, amma yana buƙatar injin tatsa da shimfiɗar kaki da ba a sayarwa a kusa da mu. Yau wasunsu kaji ne ke ƙwai a ciki. Da kuɗin nan an koya wa masu amya tace zuma, an saya musu bokitai masu murfi, da an ga bambanci tun a shekarar farko. Wannan abu yana ci mini rai har yanzu.

Sai kaki. Shekara da shekaru mutanenmu suna matse zuma su watsar da saƙar a bola, alhali kuɗi ne. Ina narka ta a ruwan zafi, in tace da buhu, in bar shi ya kwana, da safe in ɗauke faifan kaki rawaya a saman ruwan. Ba ya lalacewa, ba ya neman firji, ana iya tara shi har mai saye ya zo. Masu haɗa man shafawa da man goge takalma da kyandir duk suna nemansa. Tanzaniya ta daɗe tana cikin manyan masu fitar da shi waje. Maiɗakina yanzu ita ke haɗa shi da man kaɗanya tana sayar wa mata, kuɗin kuma nata ne.

Kasuwar zuma kuwa kasuwar amana ce. Mutanenmu suna son ta, Alƙur'ani ya ambace ta a Suratun Nahli cewa a cikinta akwai waraka ga mutane, amma masu dafa sukari su zuba a kwalba sun sa kowa yana ɗari-ɗari. Har ta kai in zuma ta daskare sai a ce an yi mata haɗi, alhali zuma ta gaskiya tana daskarewa, musamman da sanyi. Ni abin da ya taimake ni shi ne barin mai saye ya zo ya ga ana tacewa, wani lokaci in kai masa da guntun saƙa a ciki. Wanda ya saya sau ɗaya shi ke kawo na biyu. A Kamaru, farar zumar Oku ta samu rajistar sunan yankinta a 2013, wadda ta keɓe sunan ga zumar da aka ɗiba a dajin Kilum-Ijim. Ina ganin zumar ɗorawa da kaɗanya ta ƙasarmu ta cancanci irin wannan gata.

Babbar barazanar da nake gani yanzu feshi ne da gatari. Manomin wake yana fesa magani da hantsi, daidai lokacin da ƙuda ke kan fure, washegari ka tarar da gawarwakinsu tuli a ƙofar akwati. Ba mu kaɗai abin yake cutarwa ba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Masu gawayi kuma sun fara sarar kaɗanya, itacen da iyayenmu ba sa bari a taɓa.

Maƙwabtana na gona na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da kwalbar zumarsa, na roƙe su su mayar da feshi zuwa yamma lis, bayan ƙuda ya koma gida. Yawancinsu sun yarda, musamman masu riɗi da kankana da suka lura amfaninsu ya fi kyau a gefen da ke kusa da akwatunan. Mun kai maganar sarar itatuwa gaban mai unguwa, ya ce a kawo ta a rubuce. Bana mu masu zuma na ƙauyukan kewaye muna haɗa kanmu mu yi ƙungiya, mu sayi na'urar auna ruwan zuma guda ɗaya, mu nemi rajistar NAFDAC da suna ɗaya, domin manyan kantunan Kaduna da Kano ba sa karɓar kwalbar da ba ta da lamba.