Alhamdulillahi, mun dawo da ita gida

Assalamu alaikum. Shekaranjiya da la'asar muka sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ni da Abban yara da 'yar tamu. Gajiya ba ta sake ni ba har yanzu, ga saƙonni sun taru a waya sun fi ƙarfina, shi ya sa na ce bari in rubuta guda ya isar wa kowa. Kun san komai tun daga ranar da leɓenta ya yi shuɗi, ba sai na maimaita ba. Da ciwon zuciya aka haife ta, an yi mata aiki a Indiya: an mayar da manyan jijiyoyin zuciyar nan biyu da suka fito a sauye kowacce mazauninta, an toshe ramin da ke cikin zuciyar. Na'urar auna oksijin na jini da take nuna 70 da 'yan kai a da, yanzu 97 take nunawa.

Daren da na fi jin tsoro ba a Indiya na yi shi ba. A nan Kano ne, tana da kwana 9 a duniya. Likita ta shigo da na'urar hoto, ina jiran ta ɗora a ƙirji kamar kullum, sai na ga ta ɗora a maɗiga. Gabana ya yanke ya faɗi. Na ce, "Likita, ba zuciya aka ce ba? Me kuma ya sami kan?"

Ƙarfe biyun dare ya wuce, ga jarirai suna jiranta, amma baiwar Allahn nan ta janyo kujera ta zauna. Ta ce, "Mai jego, share hawayenki ki saurare ni." Da Hausa ta yi min bayani. Ta ce a watanni ukun ƙarshe na ciki ƙwaƙwalwa take girma da sauri, tana ta shimfiɗa zaruruwan da suke haɗa sashe da sashe, aikin kuwa yana cin oksijin sosai. Jaririn da zuciyarsa take irin ta 'yata, jinin da yake hawa kansa tun yana ciki oksijin ɗinsa bai cika ba. Shi ya sa ko an haife shi wata tara cif, ƙwaƙwalwar takan zo kamar da saura wajen wata guda ta nuna, kusan irin ta bakwaini. Ta ce in ɗauka unguwa ce an gama gina gidaje, lungunan da za su sada su ne ba a gama fitarwa ba, kuma ana ci gaba da fitar da su bayan haihuwa. Daga nan ta ɗauko yarinyar da wayoyinta da komai ta kwantar min a ƙirji, fata da fata, ta ce, "Yi mata magana, tana jin ki." Tun da aka kwantar da mu ban rungume ta ba sai daren.

Da aka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI a can Indiya aka ce an ga 'yan ɗigo a farin sashen ƙwaƙwalwar, wato inda zaruruwan nan suke, maganar likitar nan ce ta riƙe ni ban zube ba. Allah Ya saka mata da gidan Aljanna, Ya jiƙan magabatanta, Ya raya mata zuri'a.

Na san Yaya Babba za ta yi min faɗa, amma sai na faɗa: sarƙarta da ɗankunnenta na gwal ta sayar, ba ta gaya wa kowa ba. Gwaggo ta Fagge ta riƙe min yara uku kusan wata biyu. 'Yan layin Abban yara a Kantin Kwari sun yi karo-karo har sau biyu. Maƙwabciyata kullum da asuba tana tafe da fulas ɗin kunun kanwa. Liman da jama'ar masallacinmu, da ku da ban taɓa ganin fuskarku ba kuka turo dubu ɗaya, dubu biyu, Allah Ya yaye muku duk abin da ya dame ku, Ya sa ku tarar a mizani, kada Ya nuna muku ciwon ɗa. Akwai waɗanda muka haɗa jini, tsakaninmu bai fi kuɗin adaidaita ba, har yau ko kira. Ba komai, na yafe.

Ku ci gaba da sa mu a addu'a, don da sauran tafiya. Za a riƙa auna kanta, a duba tsayuwar wuya, zama, tafiya da magana, har ta shiga makaranta, domin wani abin kamar ƙarancin natsuwa a aji sai lokacin yake bayyana. Yara irinta da yawa suna tashi lafiya lau, muna kyautata zato ga Allah.

Masu zuwa barka muna maraba, sai dai a wanke hannu, mai mura ko tari kuma ya yi haƙuri ya kira a waya. In kun zo ku yi mata magana. Jiya na kira ta, ta bi fuskata da ido har ta yi murmushi.