Tsofaffin sulallan Faransa da nake tarawa, da sarakunan da suka buga su

Duk wanda ya manyanta a garin nan Katsina ya san lissafin nan tun kafin naira ta zo a 1973, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, wato kwabo 240 ke nan a fam. Mu dai mun taso muna jin kuɗin Ingila ne Turawa suka kawo mana, kuma haka ɗin ne, amma su kansu Ingilan ba su suka ƙirƙiro lissafin ba. Sharlaman, sarkin Faransawan da, shi ne ya daidaita shi wajen shekarar 794, bayan mahaifinsa Pepin ya fara gyaran, ya ce denier 12 su ne sou ɗaya, sou 20 su ne livre ɗaya. Daga can tsarin ya zauna a Ingila, su ba su rabu da shi ba sai 1971, mu kuma sai bayan shekara biyu. Wannan abin ne ya fara jawo hankalina kan tsofaffin sulallan Faransa, kuma har yau in abokai sun tambaye ni wai me ya haɗa Bakatsine da kuɗin wasu sarakunan da suka mutu shekara ɗari bakwai da suka wuce, daga nan nake fara masu bayani.

Abin da zai ba ku mamaki in kun riƙe ɗaya a hannu shi ne ƙanƙantarsa. Denier na Sharlaman faɗinsa wajen milimita 20 ne, nauyinsa kusan giram 1.7 na azurfa, siriri ƙwarai, kuma ba inji ya buga shi ba, mutum ne ya ɗora ɗan faifan azurfa kan tambarin ƙarfe ya kifa wani tambarin a sama ya maka masa guduma. Shi ya sa ba za ka taɓa samun guda biyu iri ɗaya sak ba, wani rubutun ya zame gefe, wani an buga sau biyu haruffan sun hau juna. Yawancinsu ba hoton sarki, ba shekara, sai gicciye da sunan garin da aka buga da kuma sunan sarkin KAROLVS da aka dunƙule haruffansa wuri guda. A zamaninsa denier ɗin ne kaɗai ake bugawa sai rabinsa, sou da livre a baki da takarda kawai suke, ba wanda ya taɓa riƙe su. Ni ban da na Sharlaman fa, kuɗinsa ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, a hoto nake kallonsa. Shi ne dai sarkin da Halifa Haruna Rashid ya aika wa kyautar giwa daga Bagadaza, ta isa fadarsa ta Aachen a 802, don ku gane zamanin da muke magana a kai.

To ni abin da na ɗauka a harkar nan, wanda ya sa ban gaji da ita ba, shi ne sikeli ba ya yi wa sarki fadanci. Marubutan tarihi na fada za su ce maka sarki wane adali ne jarumi ne, amma ka ɗora kuɗinsa kan sikeli ka duba yawan azurfar da ke ciki, nan take za ka san ko yana da iko da ƙasarsa, ko bashi ya yi masa katutu, ko yana cin amanar talakawansa.

Ku duba jikan Sharlaman, Sharl mai sanƙo. A 845 maharan Baikin, masu fashin teku daga arewacin Turai, suka biyo kogin Seine da jiragensu har Faris, sai da aka auna masu livre 7,000 kafin suka tafi. A 864 ya kafa doka a wani wuri da ake kira Pîtres, ya ƙayyade garuruwan da za a riƙa buga kuɗi, ya ce duk wanda aka kama da buga na jabu a yanke masa hannu, har yau ma gidan buga kuɗi na Faris daga wannan shekarar yake ƙirga kafuwarsa. Amma bayan shi sarautar ta yi ta rauni, hakimai da shugabannin majami'u kowa ya kafa nasa gidan buga kuɗi, kuma abin da ya fi burge ni a nan shi ne da yawansu ba su sa sunansu ba, suka ci gaba da buga sunan sarkin da ya mutu tuntuni saboda shi mutanen kasuwa suka sani suka yarda da shi. A Melle, inda ake haƙo azurfa, an yi ta buga kuɗi da sunan Sharl ɗaruruwan shekaru bayan babu shi, haruffan suna ta lalacewa hannu zuwa hannu don masu sassaƙa tambarin kwaikwayo kawai suke. Saboda haka in wani ya tallata maka sulai mai CARLVS REX ya ce na Sharlaman ne, kada ka yi saurin murna, yana iya zama an buga shi shekara ɗari biyu bayan an binne shi. Lokacin da Hugu Kape ya hau gadon sarautar Faransa a 987 kuɗin sarki ɗaya ne kawai cikin tarin kuɗaɗen da ke yawo a ƙasar.

Wanda talaka irina zai iya fara saye shi ne denier tournois. Asalinsa na gidan 'yan zuhudu ne na Saint-Martin a garin Tours, sai da Sarkin Faransa Filib na biyu ya ƙwace yankin daga hannun Sarki John na Ingila a farkon shekarun 1200 sannan ya mayar da shi kuɗin sarki, ya tafi tare da na Faris, huɗu na Faris daidai da biyar na Tours. An buga su da yawan gaske shi ya sa suke da sauƙin samu, nauyinsu giram ɗaya da ɗan wani abu, kuma azurfar ciki ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba, saura jan ƙarfe ne, shi ya sa za ka gan su sun yi duhu-duhu. Nawa na farko irinsa ne, LVDOVICVS REX a gefe guda, TVRONVS CIVIS a ɗaya gefen.

Sai Luwi na tara, wanda ya yi mulki daga 1226 zuwa 1270, kuma gaskiya shi ne sarkin da na fi daɗewa ina juya lamarinsa a raina. A matsayina na Musulmi ba zan ɓoye ba, mutumin nan ya ɗauko runduna ya kawo yaƙi ƙasar Masar, ya ci Dimyaɗ, aka karya shi a Mansura aka kama shi a 1250, sai da ya mayar da Dimyaɗ aka kuma yanka masa fansar livre 400,000 kafin aka sake shi, kuma bai daddara ba ya sake fitowa ya mutu a bakin Tunis a 1270. Wannan ba abin da zan yaba masa a kai. Amma ta fuskar kuɗi mutumin ya riƙe amana, a 1263 ya yi doka cewa kuɗin sarki zai yi aiki ko'ina a ƙasar, na hakimi kuwa iyakarsa ƙasar hakimin, sannan a 1266 ya fito da gros tournois, giram 4.2 na azurfa kusan tsantsa, darajarsa denier 12. Ka ga ke nan sou ɗin da aka shekara kusan ɗari biyar ana faɗa da baki sai a lokacin ya zama abin da za ka damƙa a tafin hannu. In ka ƙirga furannin da suka zagaye bakinsa za ka samu 12 cif, kuma zagayen nan yana tona asirin masu gutsurar gefen kuɗi su tara azurfa. Ƙasashen makwabta suka yi ta kwaikwayonsa, kuma shekaru da yawa bayan ya mutu in kuɗi ya lalace abin da mutane ke roƙo shi ne a mayar masu da kuɗin zamanin Luwi.

Akwai wani abu na zamaninsa da ba kowa ya sani ba. Turawan da suka zauna a Akka ta ƙasar Sham sun daɗe suna buga dinari na kwaikwayon na Fatimiyawa, da rubutun Larabci da kalmomin Musulunci a jiki, don shi 'yan kasuwar yankin suke karɓa. Wakilin Fafaroma da ya zo tare da Luwi ya gani ya kai ƙara, aka hana, daga 1251 sai suka koma buga shi da Larabcin dai amma da kalmomin addininsu. Wani aminina malami ya taɓa yi mani magana kan ajiye abu mai gicciye a gida, na ji maganarsa kuma na girmama ta, ni dai ba ado nake da su ba, ba na ratayawa, suna cikin akwati a matsayin shaidar tarihi, wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya fara.

Jikan Luwi, Filib na huɗu, 1285 zuwa 1314, shi ne akasin kakan. Yaƙi da Ingila da Flanders ya cinye masa baitulmali, daga 1295 ya fara rage azurfar kuɗi yana barin sunan yadda yake, kamar mai nono ta tsuga ruwa ta ce maka ludayin bai canza ba. Sai a 1306 ya ce a koma kuɗi mai nauyi, kuma a nan ne talaka ya ji a jikinsa, don tsohon kuɗin ya koma kashi ɗaya cikin uku na darajarsa, masu gidaje kuma suka ce sai a biya su haya da sabon, wato haya ta ninka uku a dare ɗaya ke nan. Mutanen Faris suka yi bore har sarki ya fake a gidan Templar, wata ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista, da ƙura ta lafa aka rataye waɗanda aka ce su ne jagorori. A wannan shekarar ya kori Yahudawa ya ƙwace dukiyarsu, ran 13 ga Oktoba 1307 kuma ya sa aka kame su Templar ɗin da suka ba shi mafaka. Wallahi duk lokacin da na ɗora kuɗinsa na tsakiyar mulki kusa da na kakansa sai na ji tausayin mutanen da aka biya ladan aikinsu da shi, kuma duk wanda yake karɓar albashi da naira a 'yan shekarun nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bayan shi da kusan shekara arba'in wani malaminsu Nicole Oresme ya fito ƙarara ya ce kuɗi na al'umma ne, ba mallakin sarki ba ne da zai riƙa juya shi yadda ya so.

Na ƙarshe da zan kawo shi ne wanda ya fi kusa da mu nan bakin iyaka. Sarki Jean na biyu, Ingilawa suka kama shi a yaƙin Poitiers a 1356, aka yanka fansarsa zinariya écu miliyan 3 a yarjejeniyar 1360, da ya dawo gida, a watan Disamba na shekarar ya sa aka buga sabon kuɗin zinariya kusan giram 3.9, da hotonsa bisa doki ya zare takobi, darajarsa livre ɗaya. Shi ne faran na farko. Faransa ta ajiye nata faran a 2002 ta koma yuro, amma ka je Jibiya ko Kwangwalam ka ga 'yan canji da damin sefa, wato faran CFA, sunan da aka raɗa wa kuɗin fansar wancan sarkin ne har yau yake yawo a Maraɗi da Damagaram. Shi Jean ɗin kuma da ɗansa da ya bari jingina ya gudu, sai ya koma Landan da ƙafarsa ya miƙa kansa, can ya mutu a 1364. Mulkinsa bai yi kyau ba, kuɗi ya sha sauyi a hannunsa, amma wannan cika alkawarin ina ganin girmansa.

Ga mai sha'awar farawa, ka nemi ɗan sikelin dijital irin na masu sayar da gwal da gilashi mai ƙara girman rubutu, don na jabu yawanci zubi ake yi, za ka ga ƙananan ƙuraje a jikinsa ko layi a gefe, nauyin kuma bai cika yin daidai ba. Kada ka wanke, don Allah kada ka sa masa toka ko lemun tsami, baƙin nan da ke jikinsa yana cikin darajarsa. Ka sa kowanne a 'yar ambulan ta takarda ka rubuta nauyi da inda ka saya, ka nisanta shi da laima lokacin damina. Ka saya wurin dillalin da zai ba ka rasit da bayanin inda abin ya fito, don a Faransa haƙar kayan tarihi ba izini laifi ne. Ni ta hannun wani ɗan'uwa da ke karatu can nake samu, kuma da canjin yuro yadda yake yanzu sai na daɗe ina tari kafin in ɗauki ɗaya. Karatun haruffan ne zai ɗan wahalar da kai da farko tunda ba shekara a jiki, Luwi na takwas da na tara suna iri ɗaya suke rubutawa, gros na Filib na huɗu kuma har da siffar harafin O ake bambanta su, mai zagaye ko mai tsawo. Daga 1389 aka fara sa ɗan ɗigo ƙarƙashin harafi don nuna garin da aka buga, in yana ƙarƙashin harafi na 18 to Faris ne, sai ka zauna ka yi ta ƙirga.

Wanda nake nema yanzu shi ne wani sulai da ake kira blanc na Henry na shida, Sarkin Ingila da aka buga wa kuɗi a Faris da Rouen a matsayin Sarkin Faransa bayan yarjejeniyar Troyes ta 1420, mai garkuwa biyu jere da juna, ɗaya ta Faransa ɗaya ta haɗe da zakunan Ingila. Na azurfar nake so, na zinariyar ba nawa ba ne. In akwai wanda ke harkar nan a Katsina ko Daura ko Kano, ya yi mani magana mu haɗa oda ɗaya, kuɗin aikowa zai zo mana da sauƙi in sha Allah.