Sunan bogi ba layar zana ba ne

Ƙannena masu kwana a kan gem da soshiyal midiya, ni har gobe da sunan bogi nake buga gem kuma ba zan ce ku daina ba, amma yadda na riƙe nawa a da wallahi wauta ce zalla, don na ɗauka da zarar na sa shi shikenan na ɓace babu mai ganina.

Suna ɗaya na sa a ko'ina, a gem, a Instagram, har a imel, kuma don ƙarin tsautsayi na liƙa shekarar haihuwata a ƙarshensa. Wata rana wani ya lallasa mu a gem, haushi ya ɗebe ni na zazzage masa zagi har da iyayensa, mutumin nan bai ce uffan ba, sai can da dare ya turo min hotona ta inbos, wani tsohon hoto da na ɗora sanye da rigar makaranta ga bajen nan ɓaro-ɓaro a ƙirji. Ba kutse ya yi min ba fa, sunan kawai ya kwafa ya zuba a Google. Tsoro na ji kam, amma kunyar ta fi, don sikirinshot ɗin zagin nan yanzu da ainihin sunana yake yawo.

Daga nan sai na koma ɗaya ɓangaren, ina ta cika baki wai gara a tilasta wa kowa sa sunan gaskiya sai a samu tarbiyya. Ashe an gwada. Koriya ta Kudu ta kafa dokar a 2007, manyan shafuka sai sun tantance ka da lambar shaidarka ta ƙasa kafin ka yi sharhi, toh a 2011 'yan kutse suka shiga shafukan Nate da Cyworld na ƙasar suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 35, a 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, ta ce ba a ga wani raguwar ɓarna na a zo a gani ba, mutane ma komawa shafukan waje suka yi. Kamfanin Blizzard masu gem ɗin World of Warcraft sun so yin irin haka a 2010, wani ma'aikacinsu ya sa sunansa don ya nuna ba komai, kafin ka ce kwabo an tono bayanansa an baza, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye. Shafin zumunta na Google+ ma ya saki tasa dokar a 2014 har da ban haƙuri. China kuwa ta riƙe tata gam, tun 2021 yaro ɗan ƙasa da 18 awa ɗaya kacal yake samu ya buga gem a intanet ran Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutun gwamnati, daga 8 zuwa 9 na dare, sai yara suka koma aron katin shaidar manya, kamfanin gem na Tencent kuma ya koma duba fuska. Kuma ku leƙa Facebook mana, mutum da sunansa da hotonsa yana ɗura ashar ba ko kunya. Wanda dokar sunan gaskiya ke cuta shi ne yarinyar da wani ke bibiya, ko mai neman shawara kan ciwon da ba ya so a sani.

Sai kuma ranar da aka rufe min akawun, wani ya min magana wai shi ma'aikacin gem ɗin ne, in turo hoton katin shaidata gaba da baya zai buɗe min, ni kuma jiki na rawa na tura. Akawun dai bai dawo ba. Fasuwad ana canzawa cikin minti ɗaya, amma fuskarka da ranar haihuwarka fa? Suna hannunsa har yau. In gem ko manhaja ta nemi tantance shekaru, ta cikin saitin ita manhajar ake yi, ba ta hannun wani a inbos ba, kuma ka tsaya ka tambayi kanka ko wasan ya kai ka ba da katinka.

Yanzu sunan gem daban, na zumunta daban, kowanne da imel ɗinsa, ba shekarar haihuwa ba sunan makaranta. Kafin in ɗora hoto sai na duba abin da ke bayana, lambar mota, allon titi, takarda a kan tebur. A hirar murya ma a kula, ana cikin wasa wani a gida zai ƙwala maka kira da cikakken sunanka makirfo a buɗe. Kuma sunan bogin nan abokan wasa kawai yake ɓoye maka, kamfanin na da lambar wayarka da adireshin intanet ɗinka, in kotu ta nema za su iya bayarwa. Ka ɗauki sunan da kake amfani da shi ka zuba a Google yau ɗin nan, duk tsohon akawun da ya fito wanda ka daina shiga, ka nemo fasuwad ɗinsa ka goge shi.