Sana'ar bin haske a cikin zaren gilashi

Shagona a Birnin Kebbi yake, ni da yarana huɗu. Aikinmu haɗa igiyar faiba, wato zaren gilashin da ke ɗaukar saƙonnin waya da intanet ta hanyar haske, da gyara ta idan katafilar masu aikin hanya ta tsinka ta, wanda ba ya ƙarewa tsakanin nan da Jega ko Argungu. Kafin a ɗaga diga, sai na san inda ta yanke.

Na'urar OTDR ce ke gaya mini. Takan harba ɗan guntun hasken leza cikin zaren, ta jira abin da zai dawo. Haske yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin gilashi, da lokacin dawowarsa take lissafa nisa. Gwanintar kuwa tana wurin zaɓen tsawon harbin. Na nanosakan 10 (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa) bai wuce mita 2 ba a cikin zare, yana rarrabe haɗi biyu da ke dab da juna, amma ba ya nisa. Dogon harbi yana kaiwa can, sai dai ya haɗe su wuri guda. Wannan nake fara koya wa kowane yaro, tun kafin ya taɓa injin haɗi.

Akwai masu harbin da namu bai kama ƙafarsa ba wajen gajarta, na femtosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na nanosakan), irin wanda likitocin ido ke aiki da shi. Shi ne mai wuyar sha'ani. Launuka da yawa ne a dunƙule, kowanne da gudunsa a cikin gilashi, kamar dawakin sukuwa: a tashi tare, a isa a warwatse. 'Yan mitoci kaɗan sun isa su miƙe shi. In an ƙara masa ƙarfi kuma, gilashin ya jirkita shi ko ya ƙone. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙera zare mai rami a tsakiya, hasken ya bi iska. Donna Strickland da Gérard Mourou sun kawo dabarar miƙe harbin da gangan, a ƙarfafa shi, sannan a matse, a 1985, ta kai su ga kyautar Nobel a 2018.

Mu a nan ƙura ce abokiyar gabarmu. Cibiyar zaren, inda hasken ke bi, faɗinta maikiron 9 ne kawai (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya tana iya toshe ta. A cikin mota muke haɗi, tagogi a rufe, komai zafi. Yaro ya goge zaren da sifirit, ya yanka, injin ya narka bakin biyu su zama ɗaya. In hasken da aka yi asara a wurin haɗin ya haura 0.1 dB (ma'aunin asarar haske ke nan), nakan ce, "Karya shi, sake." Wani ya ce, "Oga, ai zai yi aiki." Zai yi yau, amma sunan shagon ne a takardar gwajin.