Buhu ko awo: lissafin magidanci kafin kaka ta wuce

Babban Bankin Najeriya kan tambayi magidanta ko suna ganin al'amura za su gyaru, ya fitar da alƙaluma. A Gombe kuwa ma'aunin yana kasuwar Tudun Hatsi: mai albashi buhu yake ɗauka, ko mudu biyu yake aunawa a leda? Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, awon kullum ya yi yawa, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai mayar da mutane kan buhu ba.

Sayen hatsi da kaka dabara ce mai kyau, in dai don cin gida ne. Waɗanda suka tara don riba bayan daminar 2024 sun ji jiki, domin farashi ya yi ƙasa a 2025, bayan gwamnati ta ɗauke harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150. Wanda ya saya don tukunyarsa, ko farashi ya faɗi, tuwo dai ya ci.

A fara da uwargida, ita ta san abin da ke shiga tukunya. Idan mudu ɗaya da rabi ake ci kullum, wata guda mudu 45 ke nan, wata shida 270. A ƙara ɗan abin baƙi da na azumi. Kada a yarda da faɗin dillali kan yawan mudun da ke cikin buhu. A sa a auna a gabanka, don mudun ƙauye da na gari ba ɗaya ba ne. Masu adashe su roƙi kwasarsu ta faɗo Nuwamba ko Disamba. Amma a ware kuɗin makarantar Janairu, da na niƙa, mai da kayan miya. Bashi mai ruwa, musamman na manhajojin waya, yana cinye rangwamen kakar gaba ɗaya.

Inda aka fi tafka asara shi ne ajiya. Masarar da ba ta bushe ba za ta yi fumfuna. A zuba ɗan hatsin da busasshen gishiri a kwalba marar laima, a girgiza, a bari jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Wake kuma buhun PICS ya fi dacewa da shi, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A duba ledojin ko sun huje, a matse iska, a ɗaure kowace daban. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, shi ya sa yawan buɗewa ke ɓata aikin. Na cin wata a ware shi a bokiti mai murfi. A ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, don huji ɗaya na ɓera ya isa.

Sniper, maganin ƙwarin nan, kam guba ce, ba ta da hurumi a abinci. Ƙwayar gas da ake jefawa a buhu ma, kada a ajiye hatsin da ke da ita a ɗakin da yara ke kwana.